Kafin Ka Ƙara Iska: Shakazobar Keken Dutse Mai Lantarki da Ruɗin Tauri

A gaɓar Bahar Rum, arewa maso yammacin Italiya, akwai ƙaramin gari mai suna Finale Ligure. Duwatsu ne suka taso a bayansa, kuma a jikinsu aka fitar da siraran hanyoyin keke masu gangarowa har kusa da bakin teku. A 2013, shekarar da aka fara gasar duniya ta enduro, wato tseren da ake ƙirga lokacin gangara kaɗai, a can aka yi zagayen ƙarshe. A da, mai son gangarowa daga waɗannan duwatsu sai mota ta kai shi sama, ko ya kwashe sa'o'i yana taka feda. Yanzu keke mai inji da batir ya sauƙaƙa hawan, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ba shi gasarsa a 2019 a Mont-Sainte-Anne ta Kanada, inda Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya lashe ɓangaren maza.

Injin yana kai mutum sama, amma ba ya sauko da shi. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta sa ya daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a sa'a, kuma a gangara mai tsanani ba a buƙatarsa ma. Abin da ke tsakanin mahayi da asibiti a wannan lokaci shi ne taya biyu, birki biyu, da shakazoba: fok a gaba, da wadda ke tsakiyar firam tana riƙe da tayar baya.

Akwai wani tunani da ya yaɗu tsakanin masu wannan keke: tun da keken ya fi nauyi, kuma za a yi masa hawan ƙarfi, to a cika shakazoba da iska ta yi tauri. A ganina wannan kuskure ne, kuma kuskure mai haɗari. Babban aikin shakazoba shi ne ta riƙe taya a manne da ƙasa. Tayar da ke tsalle a iska ba ta cin birki, ba ta kuma juya kwana. Duk saitin da ya rage mannewar nan ya rage tsaro, ko da ya sa mahayi yana jin kansa kamar ɗan tsere.

Lissafin nauyi

Mu fara da lissafi, domin shi ne ke rushe ruɗin. Keken enduro marar inji yakan kai kilo 15 zuwa 17. Mai cikakken inji yakan kai 22 zuwa 26. Injin Bosch Performance Line CX kusan kilo 3 ne, babban batir kuma ya haura kilo 4. A ce keke ɗaya kilo 16 ne, ɗayan 24: na biyun ya fi na farko da rabi. Amma shakazoba ba keke kaɗai take ɗauka ba. Idan mahayi da kayansa kilo 80 ne, jimillar ta tashi daga 96 zuwa 104, ƙarin kusan kashi 8 cikin ɗari ke nan. Wanda ya ƙara iska daidai da yadda keken ya yi masa nauyi a hannu lokacin da yake ɗaga shi, ya wuce gona da iri nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun inda nauyin yake. Injiniyoyi sukan raba nauyin abin hawa gida biyu: wanda ke saman sifirin, kamar firam da mahayi, da wanda ke ƙasansa yana bin ramuka da tudu, kamar taya da wili da birki. Idan na sama ya rinjayi na ƙasa sosai, taya takan yi ta hawa da sauka ba tare da ta girgiza jikin abin hawan ba. Shi ya sa motar ɗaukar kaya ta fi natsuwa a hanyar burji idan an yi mata lodi, in kuwa babu komai a bayanta sai ta yi ta tsalle. Inji da batir suna saman sifirin ne, kuma can ƙasa a tsakiyar firam. Ma'ana, nauyin da ake tsoro shi ne yake sa shakazobar keken lantarki ta fi ta keke marar inji laushin aiki. Cika ta da iska zubar da wannan riba ne.

Inda nauyin ke cutarwa shi ne wajen birki da murɗiya. Keke mai nauyi a gangara yana danna fok da ƙarfi, yana kuma neman lanƙwasa shi. Kamfanoni sun amsa wannan da kaurin ƙarfe: a 2020 Fox ta fito da fok mai suna 38, RockShox kuma ta fito da ZEB, dukansu da sanduna masu kaurin milimita 38. Taurin jikin fok daban, taurin sifirin da ke cikinsa daban. Na farko ana so, na biyu sai da awo.

Doki da linzami

Kowace shakazoba abu biyu ne a haɗe. Akwai sifirin, na iska ko na ƙarfe, wanda ke ɗaukar nauyi, ya matse, ya dawo. Akwai kuma mai da ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi domin ya rage saurin matsewar da dawowar. Sifirin shi ne doki, man nan shi ne linzami. Ba a gyara linzami kafin a san dokin da za a hau, don haka tsarin aikin ba ya canzawa: iskar taya, sai sifirin, sai saurin dawowa, sai saurin matsewa, sannan a ƙarshe a duba ƙarshen zango. Zango a nan shi ne iyakar tsawon da taya za ta iya motsawa sama, wanda a kekunan hawan ƙarfi yakan kama daga milimita 150 zuwa 180.

Taya ce shakazoba ta farko. Ƙananan tsakuwa ita ke shanye su kafin fok ya san da su. A taya marar tub, yawancin mahaya sukan tsaya tsakanin psi 22 da 28, ta baya ta ɗan fi ta gaba. Keke mai nauyi yana buƙatar taya mai kaurin gefe, irin DoubleDown ta Maxxis ko Super Gravity ta Schwalbe. Mai siririyar taya dole ya cika ta da iska don kada dutse ya fasa ta, daga nan kuma duk abin da zai yi wa shakazoba ba zai dawo masa da mannewar da ya rasa ba.

Lotsawa: ma'aunin da komai ke kansa

Idan mutum ya hau keke ya tsaya cik, shakazoba takan lotsa kaɗan. Wannan lotsawa ba aibi ba ce. Ita ce ke ba taya damar miƙewa ƙasa ta bi rami maimakon ta rataya a kansa. Ana auna ta da kaso na zango: a baya, kusan kashi 30 cikin ɗari, a gaba, kashi 15 zuwa 20.

Yadda ake yi ba wuya. Mahayi ya sa duk kayan da zai hau da su, kwalkwali da jaka da ruwa, batir kuma yana jikin keke. A buɗe mamurɗan matsewa gaba ɗaya. Wani ya riƙe keken, mahayi ya hau, ya ɗan girgiza shi, ya natsu a yanayin da yake hawa, a tura zoben robar da ke jikin sanda ya taɓa bakin shakazoba, sannan ya sauka a hankali ba tare da ya danna ba. Tazarar da zoben ya matsa ita ce lotsawa. Idan sandar shakazobar baya tana motsa milimita 65, kashi 30 ya kama milimita 19 zuwa 20. Idan zangon fok 170 ne, ana neman 26 zuwa 34. A auna da rula, kada a ƙiyasta da ido: milimita uku a sandar baya sun kusa kashi 5 cikin ɗari, kuma wannan ya isa ya canza halin keke.

Abubuwa biyu sukan ruɗa sabon shiga. Shakazobar iska tana da ɗaki biyu, babba mai ɗaukar nauyi da ƙarami mai tausasa farkon motsi, kuma iska tana ratsawa tsakaninsu ne idan an matsa ta. Saboda haka duk lokacin da aka ƙara iska sai a danna ta a hankali sau da yawa kafin a sake awo. Na biyu, hucin da ake ji idan an cire famfo daga tiyon famfon yake fitowa, ba daga shakazoba ba. Idan aka sake ɗaura shi aka ga lamba ta ragu, iskar da ta cika tiyon ce ta rage ta.

Jadawalin da kamfani ke mannawa a jikin fok wurin farawa ne kawai. Bai san ko mahayi mai tsayawa a gaba ba ne ko mai jan jiki baya, bai kuma san gangarar da za a bi ba.

Kada kuma a gudu daga tauri a faɗa cikin laushin banza. A keken lantarki, lotsawar da ta yi yawa a baya tana sauko da inji kusa da ƙasa. Mahayi yana taka feda a hawan dutse da gudun da ƙafa kaɗai ba za ta ba shi ba, sai feda ta daki dutse, ko murfin inji ya gogu. Wannan ne ya sa ake sa wa waɗannan kekuna gajerun hannuwan feda, milimita 165 ko ƙasa da haka. Fok mai laushi fiye da kima kuma yakan nutse a gangara, kan keke ya sunkuya, nauyin mahayi ya tafi gaba a daidai lokacin da ya fi buƙatar ya tsaya a tsakiya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Saurin dawowa

A nan ne ake samun faɗuwa mafi muni. Mamurɗin dawowa, wanda galibi ja ne, shi ke tsara saurin da sifirin zai miƙe bayan ya matse. Idan ya yi sauri ƙwarai a baya, keke yakan yi harbi kamar jaki a bakin tsalle, ya ɗaga bayansa ya jefa mahayi ta kan hannun keke. Idan ya yi jinkiri ƙwarai, shakazoba ba ta gama miƙewa daga dutse na farko sai na biyu ya same ta, na uku ya ƙara danna ta, har ta taru can ƙasan zango inda sifirin ya fi tauri. Mahayi sai ya ji hannuwansa suna sagewa, ya ɗauka iska ce ta yi yawa, ya rage ta, matsalar ta ƙaru.

Gwaji mai sauƙi ga baya: a zauna a sirdi, a gangaro daga gefen kwalta mai ɗan tsayi a hankali. Shakazoba ta matse, ta dawo, ta ɗan wuce kaɗan sau ɗaya, ta natsu. In ta yi ta lilo, a ƙara linzami. Ga fok: a danna shi da ƙarfi a saki farat ɗaya; ya biyo hannu da sauri amma tayar gaba kada ta bar ƙasa. Shawarata ita ce a bar dawowa da iyakar saurin da keke zai ɗauka ba tare da harbi ba, kuma gaba ta ɗan fi baya sauri. A tuna kuma cewa duk wanda ya ƙara iska ya ƙara wa doki ƙarfi, don haka sai ya ƙara jan linzamin dawowa.

Ana ƙirga matakan mamurɗi ne daga rufe: a murɗa shi dama har ya tsaya, ba da ƙarfi ba, sannan a ƙirga kowane ƙas da aka ji wajen dawowa hagu. Ta haka lambar da aka rubuta yau za ta yi ma'ana gobe.

Saurin matsewa

Shakazoba masu tsada sukan raba matsewa gida biyu, ta sannu da ta sauri. Sunayen nan suna nufin saurin motsin sandar shakazoba ne, ba gudun keke ba. Matsewar sannu ita ce ta birki, da kwana mai tudu, da motsin jikin mahayi. Matsewar sauri ita ce ta dutse mai kaifi ko saiwar itace, ko da keke na tafiya a hankali.

Abin da mai hawan ƙarfi yake nema idan ya ce yana son tauri, a mafi yawan lokuta, shi ne tallafi a tsakiyar zango: kada fok ya nutse idan ya kama birki, kada baya ta zube a kwana. Maganin wannan shi ne mataki biyu ko uku na matsewar sannu, tare da sifirin da aka auna daidai. Ita kuwa matsewar sauri, a bar ta kusa da buɗe sai an ga dalili, domin ita ce ke kai dukan dutse kai tsaye zuwa tafin hannu.

Akwai kuma sandar kulle da ake taurara baya da ita a hawan tudu. A keke marar inji tana da amfani, don tana adana ƙarfin ƙafa. A keken da injinsa ke ba da ƙarfin juyi na Nm 85, kamar Shimano EP8, abin da ke ƙaranci a hawan dutse shi ne mannewar tayar baya. A bar ta a buɗe. Ƙari a kan haka, wanda ya kulle a hawa wata rana zai manta ya buɗe a gangara.

Ƙarshen zango

Sai an gama duk wannan ake duba ƙurewa, wato lokacin da shakazoba ta cinye zangonta duka. Zoben roba shi ne shaida. Idan a hawa mai tsanani ya kai ƙarshe sau ɗaya ko biyu ba tare da mahayi ya ji ƙarfe ya daki ƙarfe ba, komai daidai ne. Zangon da aka biya kuɗinsa ne aka yi amfani da shi. Idan ana ƙurewa da ƙara a kai a kai alhali lotsawa daidai take, a sa robar cike gurbi guda ɗaya a ɗakin iska. Robar tana rage faɗin ɗakin, sai iska ta yi saurin tauri a ƙarshen zango, farkonsa kuma ya kusa zama yadda yake. Idan kuwa zobe bai taɓa shiga kwata na ƙarshe ba ko a babbar dira, a cire ɗaya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cika robobi a rage iska. Sakamakon shi ne shakazoba mai zubewa a tsakiya, ta je ta ci karo da bango a ƙarshe. Sifirin ƙarfe kuwa yana da laushin farko da juriyar zafi a doguwar gangara, kuma ƙarin nauyinsa ba ya damun mai inji, amma taurinsa ba ya ƙaruwa a ƙarshe kamar na iska, don haka sai firam ɗin da aka ƙera ya dace da shi.

To, ai 'yan tsere da tauri suke hawa

Gaskiya ne, kuma hujja ce da ta cancanci amsa. Ƙwararru sukan hau shakazoba mai tauri fiye da ta sauran mutane. Amma ƙarfin motsi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: wanda ya ninka gudu sau biyu yana dukan dutse da ƙarfi ninki huɗu. Saitin da ke motsi da kyau a ƙarƙashin wanda ke ratsa duwatsun Finale Ligure da gudun gasa, a ƙarƙashin mai matsakaicin gudu katako ne. Ɗan tsere ya horar da hannuwansa, yana da makaniki, kuma ya yarda ya sha wuya na 'yan mintoci domin daƙiƙa biyu. Mai keken lantarki da zai yi gangara bayan gangara har la'asar, gajiyar hannu ita ce babbar abokiyar gabarsa, domin hannun da ya sage ba ya kama birki a kan lokaci. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Taurin da ya dace shi ne wanda gudun mutum ya tilasta masa, mataki bayan mataki.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi: a sayi mai tsada a huta. Tun da Greg Herbold ya ci gasar gangara ta duniya ta farko a Durango ta Amurka a 1990 da fok ɗin RockShox na farko, fasahar ta yi nisa, har ta kai ga Live Valve na Fox a 2018 da Flight Attendant na RockShox a 2021, masu sarrafa linzami da kwamfuta. Amma ko su ba sa zuba wa mutum iska, ba sa auna masa lotsawa. Fok mai mamurɗai huɗu a hannun wanda bai san aikinsu ba hanyoyi huɗu ne na ɓata keke. Mai matsakaicin farashi da aka saita daidai ya fi shi.

Gwaji, zafi da ƙura

Saitin gida share fage ne. Sauran aikin a kan hanya ake yinsa: a zaɓi gajeriyar gangara ta minti ɗaya ko biyu mai dutse da kwana da 'yar dira, a yi ta maimaita ta. A canza abu ɗaya tak a kowane zagaye, mataki biyu zuwa wannan gefe, sannan biyu zuwa wancan, a riƙe wanda ya fi, a rubuta. A nan mai inji ya fi kowa sa'a, don komawa sama ba ta cin ƙarfinsa. A lura kuma da daidaito: idan aka tsaya a kan feda aka danna keken, gaba da baya su nutse tare su dawo tare.

Yanayi ma yana da hannu. Matsin iska a rufaffen ɗaki yana canzawa da kusan kashi 1 cikin ɗari a duk digiri 3 na ma'aunin Salshiyos, mai kuma yana tsinkewa da zafi. Keken da aka saita a ɗaki mai sanyi zai canza hali a tsakar rana. Ga kuma wanki da canjin mai: RockShox ta ce a yi wa ƙafafun fok hidima duk sa'o'i 50 na hawa, Fox ta ce cikakkiyar hidima duk sa'o'i 125 ko sau ɗaya a shekara. Sa'a ɗaya a keken lantarki ta ƙunshi gangara fiye da sa'a ɗaya a keke marar inji, don haka gara a gaggauta. Wanda ke hawa a duwatsun Jos ko na kewayen Abuja lokacin hunturu, ƙura na cin robobin bakin fok, sai ya ƙara gaggautawa. Fok da ya bushe yakan cije, kuma babu mamurɗin da ke gyara cijewa.

Keken da ya ci dubban daloli, daidaita shi ba ya buƙatar fiye da famfon shakazoba, da rula, da ɗan littafin rubutu, da yammaci guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ji kekensa yana dukan hannu ko yana zamewa a kwana, kafin ya ɗauki famfo ya ƙara iska, ya fara duba inda zoben roba ya tsaya.